Ranar da Aka Tsaga Bayana a Tarka

Ƙafata ta hagu ta fara mutuwa ne a shekarun da Nasara suka ɗauke gwamna daga Damagaram suka kai shi Yamai. Mu mutanen kwarin Tarka wannan bai dame mu ba, gwamna ko gabas yake ko yamma, mu dai gero muka sani. Ni abin da ya dame ni ƙafa ce. Lokacin ina ji da ƙarfi, ban daɗe da aure ba, ga gona ga 'yan shanu. In kaka ta yi Buzaye suka gangaro da raƙuma neman gero, ni ake kira wajen ɗaurin kaya, don ni kaɗai nake ɗaga taiki, babban buhun fatar nan, in aza wa raƙumi ba mai kama mini. Ina jin daɗin a faɗi haka a gabana, ba zan ɓoye ba.

Wata safiya na rungumi taiki zan aza, raƙumin ya zabura, na murɗa don in bi shi. Sai na ji wani abu ya goce a ƙasan bayana, daidai ƙugu. Na saki kayan na durƙusa. Zafin bai tsaya inda ya fara ba, ya bi ta ɗuwawu, ya bi bayan cinya, ya sauka har yatsun ƙafa. Mutane suka ce targaɗe ne, in kwanta kwana biyu zai wuce. Na kwanta, bai wuce ba.

Rani ya shigo ina kwance. Da farko zafi ne ke hana ni sakat, daga baya zafin ya ragu, kuma raguwar ce ta fi ba ni tsoro, don ƙafar ta soma yin sanyi tana ramewa. In na dogara sanda na fita, sai in riƙa jan ta a ƙasa tana bar mini layi a rairayi. Ran nan matata ta biyo ni da takalmi ɗaya a hannu.

"Maigida, wannan na waye?"

Na duba ƙasa. Tun daga bakin ƙofa takalmin ya fita, na yi tafiya har bayan danga ban sani ba. Na ƙwace shi na yi mata faɗan da ba ta ci ba, ta bar ni na gama, ta ce in na ƙare in zo in ci tuwo. Yarinya ce ƙarama a lokacin, amma baki gare ta, kuma ba ta tsoron fushina ko kaɗan. Daga wannan rana salla ma a zaune nake yi.

Ba irin maganin da ba a gwada ba. Na sha rubutu, na sha saiwoyi masu ɗaci, wani Bafulatani daga wajen Belbeji ya ba ni man da yake shafa wa bijiminsa in ya gurɗe. Aka ce akwai likitan soja a Damagaram, amma tafiyar kwanaki ce a kan raƙumi, ni kuwa ko a kan tabarma ba na iya zama daidai. Sai wanzamin garinmu, wani tsoho ɗan firit mai taba a baki kullum. Duk ranar kasuwa sai ya zo ya kafa mini ƙaho, ya tsattsaga, ya zuƙe. Kafin tsakiyar rani ƙasan bayana ya cika da tsaga kamar ƙwaryar da aka yi wa zane.

Wata rana ya cire ƙahon, ya daɗe yana duban jinin, ya tofar da tabarsa.

"Ɗan nan, jininka ba shi da laifi. Zubar maka da shi kawai nake yi."

"To me ke da laifi, Baba?"

Ya ce akwai jijiya da ta taso daga gadon baya ta sauka har tafin ƙafa, kamar igiyar rijiya. In dutse ya danne igiya a baki, guga ba ya motsi a ƙasa, kuma ba gugan za a duba ba. Ya ce da ƙuruciyarsa, kafin Nasara su hana yaƙi, ya bi mayaƙa yana cire musu ƙarfe daga jiki, kuma ya ga ƙafa ta mutu haka a jikin mutumin da guntun ƙarfe ya zauna masa kusa da ƙashin baya. Ya tambaye ni ko an taɓa suka na, ko an taɓa harbi na.

Na yi dariya, dariyar farko tun kwanciyata. Na ce ni da ban taɓa ganin yaƙi ba, wa zai harbe ni, kaza?

"Kai ka sani tun daga ranar da ka yi wayo," in ji shi. "Kafin nan fa? Tambayi wadda ta goya ka."

Nan maganar ta tsaya, don ni ɗan fari ne. Yaran yanzu ba su san nauyin wannan ba. A wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta taɓa shi, ba ta zama inda ake yabonsa. Kunya ce, kuma macen da ta fi riƙe ta ita ta fi daraja. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata, uwar mahaifina, ita ta raine ni. Mahaifiyata kuwa ko a cikin masu kunya ita ce gaba. In dole ta ambace ni sai ta ce "wancan". In muka haɗu a hanyar rijiya sai ta sami abin dubawa a wani gefe. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, kakata ma ta bi shi kafin aurena. Mahaifiyata tana zaune a gidan ƙanena a ƙetaren kwari, kuma duk watannin nan da nake kwance ba ta tako ba. Fura ce take zuwa, ba a cewa daga wa. Na san al'ada ce, amma raina ya ɓaci, kuma ba na jin kunyar faɗin haka.

Na ce da wanzami ya bar zancen. Matata tana gefe tana tankaɗe, tana jinmu. Washegari da sassafe ta ɗaura zane ta ƙetare kwari.

Da ta dawo ta zauna kusa da ni tana haki. Ta ce ta sami Inna tana damu, ta gaishe ta, ta ce mata ƙafar ta ƙi warkewa, wanzami na tambaya ko an taɓa ji wa ɗanta ciwo yana jariri. Inna ba ta ɗago ba, ta ci gaba da damunta har matata ta ɗauka ba za ta amsa ba. Can Inna ta ce, "Daga hagun ƙashin baya yake jinsa, ƙasa da ɗaurin wando?"

"Ni kuwa, Maigida," in ji matata, "ƙafa kawai na ce mata. Ban faɗa mata inda ciwon ya taso ba."

Kashegari da hantsi mahaifiyata ta iso, ƙanena na biye da ita. Ba ta shigo ba. Ta zauna a gindin aduwar da ke bayan danga, ta ba ɗakina baya. Kafin wanzami ya zo maƙwabta sun taru, don a ƙauye ba a yin abu a ɓoye. Ina kwance rub da ciki a ɗaki, zana ce kawai tsakanina da su, ina jin kome.

Wanzami ya gaishe ta, ya ce, "Baiwar Allah, faɗa mini abin da kika sani."

Ban taɓa jin ta yi doguwar magana ba sai ranar. Ta ce ba a Tarka aka haife ni ba, a wani ƙauye ne can arewa wajen Tanut. Wata shekara bayan an zuba gero a rumbu mahara suka faɗa musu da rana tsaka. Ta saɓa wancan a baya ta ruga cikin karan gona. Ta ji ƙarar bindiga, ta ji kamar an hankaɗa ta, ba ta faɗi ba, ta ci gaba da gudu. Sai da ta tsaya ta ji zanen goyon ya jiƙe. Irin bindigar mutanen da ce, wadda ake ɗura wa guntayen ƙarfe. Kakata ta toshe ramin da man shanu da garin bagaruwa, Allah ya sa ya rufe, amma abin bai fito ba. Kakata ta ce kada a faɗa wa yaro, kada ya tashi da tsoron jikinsa. Masu sanin suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ya rage ita kaɗai, ita kuwa ba ta magana da wancan.

Sannan ta ƙara da cewa, "Bayana aka harba. Nasa ya tare."

Wanzami ya bar ta ta huta, sannan ya ce zai iya gwadawa, amma baki ba zai ishe shi ba. Ya ce shi da kansa ya cika bayan nan da tsaga, tsohon tabon ya ɓace a cikinsu, kuma wurin ba inda ake yanka da tsammani ba ne. In ya kauce da faɗin yatsa, ba ƙafa ɗaya zan rasa ba. Ya ce dole sai ta shiga ta nuna masa da hannunta.

Nan mata suka fara gunaguni. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin uwa ta sa hannu a jikin ɗan fari ba, balle yana kwance ba riga, balle a gaban jama'a. Wata ta ce a zana a ƙasa mana, ko a nuna a bayan ƙanena. Wanzami ya ce bayan ƙanena ba shi da ƙarfe a ciki. Mahaifiyata ba ta motsa daga gindin aduwar ba. Aka daɗe a haka har na tabbata kunyarta ta fi mata ƙafata. Zuciya ta ɗebe ni, na ɗaga murya na ce da matata, yadda kowa zai ji, ta faɗa musu su watse, a bar tsohuwa ta koma ga damunta, gurgu ma mutum ne.

Ban rufe baki ba na ji an ɗaga asabarin ƙofa. Na karkata kai na ga ƙafafunta. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta ruf, har haɓa, yadda ba za ta gan ni ba. Haka ta raba gardamar: idonta bai karya al'ada ba, hannu kaɗai ta kawo. Matata ta kama ta ta durƙusar da ita a gefena.

Hannun yana da kaushi da sanyi, yana warin nono. Tun da na yi wayo ban san shi ba. Ba ta yi lalube ba. Ta aza yatsa a tsakiyar bayana ta bi ƙashin tana sauka gaɓa gaɓa, ta ratsa duk tsagar wanzami kamar babu su, ta karkata hagu ta tsaya.

"Nan ya shiga," ta ce da wanzami. "Amma bai zauna nan ba. Ina yi masa wanka ina jinsa yana gangarawa, har ranar da aka karɓe shi."

Ta sauko kaɗan ta danna. Wani abu kamar wuta ya tsarga mini daga nan har babban yatsa, na ciji tabarma. Wanzami ya sa nasa yatsan kusa da nata ya danna da ƙarfi, ya daɗe, sannan ya ce a ɗora ruwa a wuta, a kira maza masu ƙarfi, yanzu za a yi tun rana na sama.

A tsakar gida aka yi don haske. Aka kwantar da turmi a gicciye aka ɗora ni a kai da ciki, yadda bayan zai buɗe. Ƙanena ya zauna a kan kafaɗuna, maƙwabta suka danne ƙafafu, aka cusa mini guntun fata a baki. Wanzami ya gasa askarsa da hantsaki a garwashi, ya wanke wurin da ruwan bagaruwa mai zafi. Ya ɗauko gawayi zai yi alama, mahaifiyata ta ce ba ta yarda da gawayi ba, gumi zai goge shi. Da aka fito da ni daga ɗaki ma tafe take a gefena, yatsanta bai bar wurin ba.

"Sa askarka a gefen yatsana," ta ce.

Ya yi bismilla ya sa. Ba zan yi ƙaryar jarumta ba, na yi gurnani kamar sa a hannun mahauta, kuma an ce na tofar da fatar na zagi ƙanena zagin da ya kamata a ce uwarmu ba ta wurin. Sai da jini ya rufe mata hannu ta ɗauke yatsan, aka fita da ita. Wanzami yana aiki yana magana da ni kamar aski yake mini. Yana cewa ashe ƙaton da ke ɗaga taiki shi kaɗai haka yake da raki. Ya shiga da zurfi, ya ajiye aska ya sa yatsa, ya ce ga shi nan, nama ya naɗe shi, ya kwanta a kan jijiyar. Da hantsakin ya taɓa wurin, ƙafar nan da ta yi watanni ba ta motsa da kanta ba ta yi harbi, ta tuntsurar da mutumin da ke danne da ita.

"Tana da rai," in ji wanzami. "Ku riƙe ta da kyau."

Daga nan ban san abin da ya faru ba. Da na farfaɗo ina ɗaki, an cika ramin da zuma an ɗaure. Wanzami ya nuna mini abin a tafin hannunsa, baƙi ƙirin, bai fi ƙwayar wake ba, da ɗan kaifi a gefe ɗaya. Na dube shi na ce, wannan ɗan abin ne ya kayar da ni? Ya ce ai ba shi ya kayar da ni ba, tun ina jariri yake zaune lafiya, taurin kaina da taikin Buzaye ne suka tura shi inda bai kamata ba.

Wahalar gaske bayan nan ta zo. Zazzaɓi ya kama ni, wurin ya kumbura yana ruwa, na yi kwanaki ban san wanda ke kaina ba. Har an fara zuwa ana zama shiru a ƙofar gida. Tsohon nan kullum da safe yana tafe da sandarsa, ya buɗe, ya wanke, ya sake zuma, ya yi mini tsiya ko ina ji ko ba na ji. Matata ce ke juya ni, ita ke kwashe abin da ba a faɗa, ita ke ɗura mini kunu da ludayi. Yarinyar da na yi wa faɗa a kan takalmi ke nan. Duk abin da na yi mata daga baya a zamanmu, bai kai rabin wannan ba.

Da zazzaɓin ya sauka ta ɗauki wata ɗabi'a. Kowace safiya kafin ta ba ni kunu sai ta mintsini babban yatsana na hagu, ta dubi fuskata. Ba na jin kome, sai ta ce to, gobe. Wata safiya ina tsakiyar magana ta mintsina, na ce ke wace irin muguwa ce, sakar mini yatsa. Ta saki ludayin ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya tana share ido. Sai a lokacin na gane abin da na faɗa.

Jin ya dawo a hankali, kamar tururuwa na yawo a cikin fata, sannan ƙarfi ya biyo baya. Na fara da rarrafe, na koma bin danga, na koma sanda. Ƙafar ba ta dawo duka ba, har yau ina ɗingishi, kuma taiki na bar wa masu ƙuruciya. Amma da ruwan farko ya sauka ni na riƙe sungumi ina sara, matata na biye tana jefa iri tana rufewa da diddige. Na kai wa wanzami rago, ya dudduba shi ya ce ya fi ni hankali. Allah ya ji ƙansa, ya sa aljanna ce makomarsa. Ban taɓa yin salla a tsaye ba tun daga lokacin ban sa shi a addu'a ba.

Mahaifiyata kuwa tun ranar turmi ba ta sake takowa ba. An ce mata sun yi ta maganarta a rijiya, wasu na cewa ta zubar da kunyar da ta tara tun tana amarya. Ni kuma na rasa yadda zan yi, don ɗan fari ba ya zuwa ya durƙusa ya ce Inna na gode, in ya yi ma ƙara mata nauyi zai yi.

Da gero ya kai gwiwa na ajiye sanda na ƙetare kwari da ƙafata. Na sha hutu a hanya, na isa gumi ya jiƙa ni. Na yi sallama a gidan ƙanena. Tana tsakar gida tana daka, matar ƙanena na gefe tana sheƙa. Da ta ji muryata ta gyara tsayuwa ta ba ni baya, ta ce da surukarta, "Ki ba baƙon nan tabarma."

Aka shimfiɗa, na ƙi zama. Na taka daga bakin ƙofa har gindin rumbu, a hankali, ina ɗaga ƙafar hagu ina saukewa yadda za a ji ta a ƙasa. Na juyo na dawo inda na fara na tsaya. Taɓaryar ta tsaya a cikin turmi. Kanta yana sunkuye, ta ɗan karkata shi kaɗan, iyakar yadda za ta ga ƙasa ta gefen mayafi.

"Ki ce masa ya sake," ta ce da surukarta. "Ban gani da kyau ba."

Na juya na sake.